Tafin Hannun Yaya Harrison

Yayana Harrison ba ya sayen abu sai ya ɗora shi a tafin hannunsa na dama, ya ɗaga sama sau biyu, ya lumshe ido kamar mai addu'a, sannan ya yanke hukunci. In abin ya yi nauyi, mai kyau ne. In ya ji shi sakayau, jabu ne, ko da wanda ya ƙera shi ne ya miƙo masa da hannunsa. Iyakar iliminsa ke nan, kuma da shi ya kai shekara hamsin da bakwai yana taƙama a unguwar Television, inda yake da shagon naɗin kwayil, wato naɗa wa fanka da inji sabuwar waya, a bayan layin masu walda.

Ni ƙanwarsa ce, Martha, ciki ɗaya muka fito, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne. A Narayi nake zaune, ina yin kek da cincin na biki. Sana'ata ta sikeli ce, giram goma in ya wuce a wurin da bai kamata ba, kek ya tashi aiki. Yaya kuwa duk ranar da ya leƙo kicin ɗina ya ga ɗan sikelin nan a kan tebur sai ya taɓe baki, ya ce kayan mata ne, wanda Allah ya ba hannu ba ya bukatar na'ura ta gaya masa nauyin abu.

A yi masa adalci, akwai lokacin da hannun nan ya yi rana. Yana saurayi ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, yana riƙe wa masu gyaran lantarki tsani. Da masaƙar ta rufe ya koyi naɗin kwayil ya buɗe shago. Ana nan sai wata waya ta cika kasuwa, alminiyom ce aka shafe ta da launin jan ƙarfe, ido ba ya raba ta da ta gaske. Masu naɗi suka yi ta saye, fankokin mutane da injunan ban ruwa suka yi ta ƙonewa. Yaya ne ya fara ɗora naɗin wayar a hannu ya ce wannan ba ta kai nauyin jan ƙarfe ba. Aka kankare, aka ga fari fat a ciki. Daga ranar aka sa masa suna Injiniya, shi da ko sakandare da kyar ya fita. Ya yi daidai sau ɗaya, shekara ashirin da suka wuce, kuma tun daga nan bai ƙara koyon komai ba.

Mu 'yan gida mu muka sha wahalar wannan nasara. Dutsen gugar da ya saya wa matarsa Celina sai da hannu biyu take ɗaga shi. Ƙofar gidansa sai ka sa kafaɗa take buɗuwa. Da Baba ya rasu, muka taru za mu kai shi ƙauye a binne shi a bayan tsohon gidanmu da ke kan tudu, Yaya ya ce shi ne babba, shi zai zaɓi akwati. Ya je wurin kafintoci ya yi ta cicciɓar akwatuna ta gefe ɗaya har ya sami wanda ya gagare shi ɗagawa, ya ce wannan ne ya dace da ubanmu. Baba kuwa tsoho ne ɗan siriri, ciwo ya gama cinye shi. Samari goma ne suka ɗauki akwatin, suka sauke shi sau huɗu kafin su kai kan tudun. Zumuntar mata suka ƙare waƙoƙinsu suka koma daga farko, Fasto yana tsaye a bakin kabari rana tana dukansa. Yaya yana biye a baya yana gaya wa baƙi sunan katakon.

Mutum ɗaya ce a duniya ta yarda da hannun nan tsakani da Allah, ita ce 'yarsa Debby. Tun tana tatata, duk abin da ta samu, mangwaro ne, sabon takalmi ne, littafin da aka ba ta kyauta a coci ne, sai ta ruga shago ta ɗora masa a tafi ta ce, "Baba, orijinal ne?" Shi kuma ya ɗaga sau biyu ya ce orijinal ne, ta dawo tana tsalle. A shagon ta koyi riƙe ƙarfen liƙi, daga nan ta tafi makarantar koyon fasaha ta karanta lantarki na gaske, mai lissafi, irin wanda ubanta bai taɓa jin ƙamshinsa ba. Duk da haka ba ta taɓa gyara masa magana a gaban mutane ba. Yarinyar tana da kunya, kuma kunyar ce ta cuce ta.

A makarantar ta haɗu da dron, ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai farfela huɗu. Ƙungiyar ɗalibai suna da guda ɗaya, ana layi a kansa, a kansa ta koya. Na taɓa zuwa na gani. Ta sa wani tabarau da ya rufe mata ido ruf, ta zauna a kan benci da abin sarrafawa a cinya, jirgin yana ratsa tayoyin mota da aka rataye a jikin bishiyoyi, yana kuka kamar sauro. Samarin da ke wurin duk suka bi shi da ido.

A shekararta ta ƙarshe wani kamfani mai auna gonaki da irin waɗannan jirage ya shirya tsere. Uku na farko za a ɗauke su horo na shekara guda, daga nan sai aiki. 'Yan ajin ƙarshe kaɗai ke shiga, wato ga Debby sau ɗaya ne, babu baɗi. Dokoki biyu ne masu tsauri: kowa ya haɗa jirginsa da hannunsa, kuma jirgin, har da batir, kada ya wuce giram ɗari biyu da hamsin. Wanda ya wuce ko da giram ɗaya ba zai tashi ba.

Wata guda Debby ta yi tana zuwa kicin ɗina da takarda da biro. Ta zaɓi firam, wato gangar jikin jirgin, na wani baƙin abu mai ƙwari marar nauyi. Ta zaɓi ƙananan injuna huɗu, kowane giram tara, ta ce akwai manya masu ƙarfi amma cin batir gare su, kuma filin tseren duk kwana ne, ba miƙaƙƙiyar hanya ba. Ta zaɓi batir ɗan madaidaici wanda zai kai ta minti uku, tunda tseren bai kai biyu ba. Hatta sukuru na alminiyom ta rubuta. A gaban kowane abu ta sa lambarsa da nauyinsa, ta haɗa, ya tashi ɗari biyu da talatin da ɗaya. Ni da ban san komai a jirgi ba na gane lissafin, domin haka nake rubuta kayan kek.

Wani ɗan kasuwa a Makera, Alhaji Audu, mai shigo da kayan gyaran waya, shi ya yi wa ɗaliban odar kayan, kwali guda, wanda ya riga zuwa ya zaɓa. Kwalin ya iso ranar Talata, ranar da Debby ke da jarrabawa tun safe har la'asar. Ta roƙi uwarta ta je mata. Yaya ya ji, ya karɓe takardar daga hannun Celina, ya ce yana raye ba za a aiki mace sayen inji ba.

"Baba, don Allah abin da ke takardar kawai," in ji Debby. "Lambobin suna nan. Ka ba Alhaji ya duba."

"Je ki rubuta jarrabawarki," ya ce. "Kafin a haife ki nake sayen inji."

Abin da ya faru a shagon, Alhaji Audu ne ya ba mu labari da bakinsa washegari, da muka je ni da Debby. Ya ce Injiniya ya shigo, ya linke takardar ya sa a aljihu, ya sa aka zube masa kayan a kan kanta. Ya ɗauki injin mai giram tara ya ɗora a tafi, ya ɗaga sau biyu, ya yi tsaki ya ce wannan ko kazar wasan yara ba zai juya ba. Ya laluba har ya sami manya, ya ware huɗu. Batir ma ya ɗauki wanda ya fi kowane girma. Sukurun alminiyom kuwa da ya ji su a hannu har tsawa ya yi wa Alhaji, wai da girmansa yana sayar wa yara jabu. Ya sa aka kawo masa na ƙarfe.

"Na ce masa, Injiniya, yarinyar nan lamba ta rubuta, fito da takardar mu gani," in ji Alhaji Audu. "Ya ce mini, Alhaji, kai saye da sayarwa ka sani, ni inji na sani. To, Hajiya, me zan ce wa uban yarinya?"

Muka nemi canji. Alhaji ya buɗe mana kwalin, babu komai sai takardu da farfela. Sauran ɗaliban sun kwashe ƙananan tun jiya da yamma, kuma sabon kaya ba zai iso ba sai bayan wata guda. Tseren saura kwana goma.

Muka dawo Narayi ta ɗora kayan a sikelina ɗaya bayan ɗaya. Ɗari biyu da tamanin da tara. Ta daɗe tana kallon lambar. Na ce mu je yanzu in wanke Yaya tas a gaban masu waldan da yake yi wa burga. Ta ce, "A'a Anti, don ya taimake ni ya yi." Haushin wannan magana ya fi mini haushin abin da ya yi.

Kwanakin da suka biyo baya a kicin ɗina ta yi su, ni ina murza cincin a gefe, ita tana farautar giram. Ta sami wata ƙawarta da ta janye daga tseren, suka yi musayar batir, giram talatin suka tafi a rana ɗaya. Saura kuma sai da ƙwaƙwa. Ta yanke kowace waya daidai tsawon da ake bukata, ko rabin farce ba ta bari ba. Ta cire wa 'yar kyamarar da ke gaban jirgin rigarta. Kowane inji ramin sukuru huɗu gare shi, ta sa bibbiyu ta bar sauran a buɗe. Liƙin dalmarta ƙanana ne, masu sheƙi, kamar ƙwayar gero. Injunan nan manya ba yadda za ta yi da su, sai ta koyi tashi da su, kullum da yamma a wani fili bayan gidana, har ta saba da fizgarsu. Ranar Alhamis ta ɗora jirgin a sikeli, batir da komai. Ɗari biyu da arba'in da takwas. Ta sauke ta sake ɗorawa sau uku, sannan ta zauna a kan buhun fulawa ta yi dariya har da hawaye.

Na ce ta bar jirgin a wurina sai Asabar, ranar tseren. Ta ce tana so ta nuna wa Baba, ya ga injunan da ya zaɓa sun yi aiki. Kun ji irin zuciyar yarinyar. Ta sa shi a kwalin takalmi ta tafi da shi Television.

Ranar Juma'a da rana ta je makaranta karɓo katin shiga. Yaya ya dawo gida cin abinci, ya ga kwalin a kan kabad, ya buɗe. Celina ta ce ta gan shi ya ɗora jirgin a tafi yana girgiza kai. Ta ce masa ya ajiye, ya ce da ita ta ji da tukunyarta. Ya tafi da shi shago. Can ya ga wayar batir siririya, ya cire ya sa mai kauri ta jan ƙarfe, irin wadda yake sa wa injin niƙa. Ya ga liƙin dalma ƙanana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tula musu. Ya ga ramukan sukuru takwas a buɗe, ya ce yarinya ta manta, ya cike su da na ƙarfe. Ya kawo banish ɗin da yake shafa wa kwayil ya ɗiga wa kowane inji. Kafin Debby ta dawo ya mayar da kwalin inda yake, ya hana Celina faɗa, wai yana so sai ta ci tseren sannan ya gaya mata sirrin. Celina kuma shekara ashirin da biyar tana yin shiru, ba ranar za ta fara magana ba.

Asabar da safe na kashe obin na tafi filin. An kafa tayoyi da tutoci, an sa rumfa, ɗalibai sun yi layi a gaban wani tebur inda wata mata mai farar hula ke auna jirage. Yaya ya zo cikin rigarsa ta zuwa coci, ya taho da masu walda biyu su shaida. Ina jin sa yana gaya musu cewa yaran yanzu takarda suka sani, amma inji sai an gada.

Layi ya zo kan Debby. Ta buɗe kwalin, ta ɗauko jirgin, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta juya shi ta ga jar wayar nan mai kauri. Ta ɗora a sikeli.

"Ɗari biyu da hamsin da tara," in ji matar. "Kina da minti goma kafin mu rufe awo."

Debby ta durƙusa a ƙasa a wurin, ta zaro sukurdireba daga jaka. Ta kwance sukuru takwas ɗin nan, ɗaya ya faɗa cikin ciyawa. Ta yanke rabin igiyar da ke ɗaure batir. Ta ɓamɓare takardar da ke jikin batirin da farce. Wayar da dalmar sai da ƙarfen liƙi, filin kuwa babu wuta. Banish ya riga ya bushe. Ta mayar kan sikeli.

"Ɗari biyu da hamsin da uku," matar ta ce. Ta dubi Debby, ta dubi agogo. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. In na bar ki sai na bar kowa."

Nan Yaya ya kutsa ya ture layi. Ya ɗauki jirgin daga kan sikelin, ya ɗora a tafinsa, ya ɗaga sau biyu, ya lumshe ido a gaban ɗalibai sama da arba'in.

"Madam, sikelinku ne ba daidai ba," ya ce. "Wannan bai kai ba. Ni na gyara shi da hannuna jiya, na san abin da na sa."

Haka Debby ta ji. Ta ɗago daga durƙuson ta dube shi, shi kuma yana ta bayani, yana nuna wa matar wayar, yana cewa a taɓa a ji, jan ƙarfe ne zalla, da ya bar ta da waccan siririyar da jirgin ya kama wuta a sama. Wani ɗalibi a baya ya ce, "Oga, abeg, layi muke." Masu waldan da ya kawo suka sulale suka koma bakin rumfa.

Debby ba ta yi kuka ba. Ta tattara sukurun da ta kwance ta zuba a aljihu, ta je ta zauna a ƙarshen benci, ta kalli tseren tun daga farko har ƙarshe. Na zauna kusa da ita. Yaron da ya zo na uku sau biyu yana dukan taya, ni ma da ban iya ba na gani. Na san ta fi shi, ita ma ta sani, malaminsu ma da ya zo ya tsaya a kanmu ya sani. A hanyar komawa Yaya yana gaban keke napep yana cewa an shirya abin ne, tun farko sun san waɗanda za su ba. Ranar ce na fara jin kunyar a ce ciki ɗaya muka fito.

Jirgin yana shagonsa har yau. Debby ba ta ƙara taɓa shi ba, shi kuma ya rataye shi a ƙusa a saman tebur. Duk wanda ya kawo fanka gyara sai ya sauko da shi ya ɗora masa a hannu ya ce, "Ji nan. Shi ne suka ji tsoro suka hana shi tashi." Bai taɓa ba ta haƙuri ba, domin a iya saninsa bai yi laifi ba.

Debby ta gama makaranta. Yanzu gyaran waya take yi a wani shago a unguwar Nasarawa, tana canza gilashi da bakin caji daga safe zuwa yamma. Ukun da aka ɗauka suna can suna yawon gonaki da motar kamfani. Ta dawo wurina da zama, ta ce ya fi mata kusa da aiki, ko da yake kowa ya san Television ta fi kusa. Tana gaishe da ubanta, tana durƙusa masa kamar da. Tana kuma tara kayan wani jirgin kaɗan-kaɗan a cikin gwangwanin madara, ba don wani tsere ba, don babu.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an taso daga coci, Yaya ya biyo ta gidana. Ya same mu a kicin, ni ina kwashe cincin, Debby tana buɗe wani ɗan ƙunshi da ya iso mata. Inji ne, ɗan mitsitsi, irin mai giram tara ɗin nan. Yaya ya matso yana murmushi, ya miƙa tafin hannunsa na dama.

"Kawo in ji," ya ce.

Debby ta dubi hannun. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ya coci?" Sannan ta ɗora injin a kan sikelina, ta jira lambar ta tsaya, ta rubuta a takarda, ta sa shi a gwangwani ta rufe. Ta ɗauki gwangwanin ta shige ɗaki.

Ya tsaya a tsakiyar kicin da hannu a buɗe. Na jira in ji tausayinsa, bai zo ba. Da na ga hannun ya daɗe a miƙe, sai na ɗebi cincin uku na zuba masa a ciki. Ya dube su, ya ɗaga su sama sau biyu.